Yarinyar Da Aka Ce Ta San Cikin Kowa

Sau uku ke nan gidan Alhaji Maccido suna aiko mana cewa ranar kaza za su kawo kayan sa ranar Shafa'atu. Sau uku muna share tsakar gida, mu baza tabarmi, mu dama fura, rana ta faɗi ba mu ga ko kyanwar gidansu ba.

Na farko suka ce Alhaji ya ƙetara Ƙonni an riƙe masa mota. Na biyu suka ce rasuwa aka yi musu a Tozai. Na bincika, tsohuwar da ta rasu ko maƙwabtaka ba su haɗa da ita ba. Na uku kuwa ko ƙaryar ba su wahalar da kansu sun ƙaga ba, shiru kawai suka yi mana.

Ni na haifi uban Shafa'atu, don haka ni abin ya fi ci. Uban nata Malam dai kullum yana makarantarsa da ɗalibansa, in ka yi masa maganar sai ya ce komai da lokacinsa. Uwarta kuma Umma sai dai ta shige ɗaki ta yi kuka. Ni ban iya kukan ɗaki ba. Na ɗauki mayafina na shiga gari.

Ban yi kwana biyu ba na gane inda gizo ke saƙa. Ba Alhaji ba ne, shi wannan in dai motocin albasarsa sun wuce iyaka lafiya, ko akuya ɗansa ya ce zai aura sai ya sa albarka. Matarsa ce, Hajiya Baraka, uwar Muhyiddeen mai neman auren. Dillaliyar atamfa da gwal tsakanin nan da Ƙonni, mai haƙoran Makka biyu, wadda in za ta yi dariya sai ta juyo da gefen bakin da suke.

A gidan biki take cewa wai ita ba za ta haɗa jini da yarinyar da ba a san sana'arta ba. Ba malamar asibiti ba, ba malamar makaranta ba, sai zaman ɗaki da kwamfuta bisa cinya, likitoci maza na kiranta a waya safe da yamma.

To bari in faɗa muku sana'ar, tunda ni a gabana ake yin ta.

Akwai wani asibitin kuɗi bayan tasha, da wasu biyu irinsa a Sakkwato. Shafa'atu ita da abokan karatunta su huɗu suka haɗa musu abin da suke kira manhaja, wadda likita ke buɗewa a kwamfutarsa in marar lafiya ya zauna gabansa. Da can kati ake bayarwa, mu kuwa kun san mu da kati. Wata ta ƙunsa daddawa da nata, wata ɓera ya ci. Mutum ɗaya sunansa uku: na yanka, na kasuwa, da wanda ke kan takardarsa ta Faransa da aka ba shi a Ƙonni. Ka tambayi mace sunan mijinta ta rufe fuska ta ce maigidan, ka tambayi shekarunta ta ce an haife ta shekarar fari. Likita ya rasa wa ya ba mi, wata ta sha magani biyu masu faɗa da juna ta kumbura.

Shi ne yarinyar nan ta zauna wata da watanni tana ƙwanƙwasa, har ya zama da lambar waya da hoto likita zai ga duk abin da aka taɓa ba ka. In ya zo rubuta maganin da jikinka ba ya so, abin ya yi masa ja ya hana shi.

Wannan shi ne duk laifinta.

Amma mutanen Illela da suka ji, sai suka ɗauka duk wanda ya kwance wa likita cikinsa, Shafa'atu na ɗaki tana karantawa tana cin gyaɗa. Ramatu mai kitso ta ce da ni, tana ja mini ɗan gashin da ya rage, "Inna, an ce jikarki ta san cikin kowa. Wai har wanda ya yi basir ta sani."

Na ce, "Da ta sani da na sani, da na sani kuwa da ke ma kin ji."

Wani ɗan canji da ke ɗaga hanci a bakin kasuwa, da ya hango ta sai ya shige lungu. Wani limamin unguwa kuma da bai taɓa amsa gaisuwarta da kyau ba, ya koma shi ke fara gaishe ta.

Ana haka Allah ya nuna mini Hajiya Baraka da idona, ranar wata Lahadi da kowa ke kasuwa. Ta ƙofar baya ta shiga asibitin, ta rufe fuska ruf da niƙabi, ita da ko a jana'iza ba ta rufe haƙoran nan. Ta manta da takalmin, jan nan mai duwatsu da ta zo da shi daga Umra, babu mai irinsa a garin.

Na ce a raina, af, ashe mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

* * *

Bayan la'asar ranar Talata Muhyiddeen ya yi sallama. Dogon yaro fari, kullum cikin shadda mai sheƙi, in ya wuce sai ka yi atishawa don turare. Shekara uku yana zarya a zauren nan. Ban taɓa ganin laifinsa ba sai ɗaya: duk maganar da zai fara, da "Hajiya ta ce" yake buɗe ta.

Shafa'atu ta fita. Ni kuma tsintar shinkafa ta kama ni, kuma a gidanmu babu inda ke da haske irin bayan ƙofar zaure.

Bayan gaisuwa ya daɗe yana murza makullin mota.

"Shafa, na samo kan Hajiya."

"Alhamdu lillahi," ta ce.

"Abu guda ta ce. Ƙarami na, wallahi. Sunanta na cikin abin nan naku. Ki shafe shi, dut abin da ke ƙarƙashin sunan ki shafe. Ranar da kin shafe, ranar za a kawo kaya."

Na daina tsintar don kada ƙarar tire ta rufe mini.

"Muhyi, sau nawa zan gaya maka? Ni ban ganin na kowa. Ɗakin na gina, makulli na hannun likita. Ban ma san Hajiya na zuwa asibitin ba sai yanzu da ka faɗa."

"To ke da kin gina ɗaki, rushe shi zai gagare ki?"

"Ba gagarata zai yi ba. In na nemi hanya zan samu. Amma ranar da na taɓa na mutum ɗaya ba da sanin likita ba, na gama aiki. Wane asibiti zai sake yarda da ni? Kuma ka tsaya ka yi tunani, in akwai maganin da jikinta ba ya so, can aka rubuta. In na shafe, gobe aka kawo ta ba ta cikin hayyacinta, wa zai gaya musu?"

"Kada ki yi wa uwata baki."

"Ba baki na yi mata ba. In tana da damuwa ta je ta gaya wa likitanta, haƙƙinta na. Shi zai zauna da ita."

"Likitanta!" Ya yi wata dariya. "Nu'man ke nan ko? Ai dole ki tura ta wurinsa. Wa bai san kawunsa ya zo wurin Malam neman ki ba?"

Wannan gaskiya ne. Likita Nu'man, wani siriri mai gilashi da ba ya iya gaisuwa sai ya duba agogo, ya aiko tun bara. Yarinyar nan ko kallon goron ba ta yi ba.

"Na kore shi saboda kai," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Saboda kai na ƙi aikin Abuja. Ƙawayena dut sun yi aure, ni ina nan ana nuna ni da baki a gidan biki. Mi kuma kake so in bari?"

"Danna abu guda, Shafa. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Ashe kwamfuta ta fi ni."

"Ban ce ba."

"Kin ce mana. Uwata ba ta barci, ta rame, tana ganin ranar da kin shigo gidanmu kina kallonta kina dariya a ciki. Wace uwar miji za ta zauna da surukar da ta san abin da ke ƙarƙashin zanenta?"

"Wallahi ban sani ba! In dafa maka Alƙur'ani?"

Na ji ƙarar takalminsa, na ji mota ta tashi. Ta shigo ta wuce ni da gudu, ko tambayata ba ta yi ba mi nake yi da tire a bakin zaure.

* * *

Kwana biyu ba shi ba labarinsa. Ta daina cin abinci, sai shayi. Aikin dai ba ta bari ba, tana kuka tana ƙwanƙwasa.

Lokacin kuwa sati uku ke nan sabis ya lalace a gefenmu. Kira na shiga da ƙyar, amma aika abu mai nauyi ba ya yiwuwa. Wani sabon sashe take haɗawa na mata masu ciki, wanda zai nuna wa likita wadda jininta ke hawa tun kafin ta faɗi. Kullum sai ta ce, "Inna, da sabis ya dawo in tura wa abokan aikina su Mu'minat a Sakkwato, in huta." Batirin kwamfutar ma ya gaji, da an ɗauke wuta sai ta mutu.

Ranar Juma'a sai ga Muhyiddeen da ledar kilishi, yana murmushi kamar ba shi ba.

"Shafa, ki yafe mini. Shaiɗan na. Na bar maganar."

Sai ga fuska ta washe. Ku 'yan mata Allah ya shirye ku, kilishi da kalma biyu sun isa a saye ku.

"Na ji kina kukan batir," ya ce. "Akwai wani mai gyara a Ƙonni, daga Yamai yake samo kaya. Gobe zan ƙetara. Kawo in kai a sa miki sabo, kafin magariba na dawo da ita."

Ita da ko uwarta ba ta bari ta goge wa kwamfutar nan ƙura.

"Aikina na sati uku na ciki, Muhyi. Babu shi ko'ina sai nan."

"Haba Shafa. Ni ma ba ki yarda da ni ba?"

Ta shiga ɗaki, ta naɗe ta cikin sabon ɗankwali, ta sa a jaka, ta miƙa masa da hannu biyu.

Washegari da yamma ya zo yana share gumi. Wai ya ajiye jakar a kujerar mota ya shiga masallaci a bakin iyaka, ya fito babu ita. Har da su "inna lillahi", har da dafe kai. Ita ce ma ta koma ba shi haƙuri, tana hawaye tana cewa ƙaddara ce.

Ba a yi sallar isha'i ba sai ga aike daga gidan Alhaji Maccido: ranar Talata, in Allah ya kai mu, kaya na zuwa. Wannan karon babu fashi.

Umma ta rangaɗa guɗa. Ni ban yi ba. Matar da ta yi wata biyar tana toshe ƙofa, ta buɗe ta ranar da aka yi sata? Na tsufa, amma hancina bai tsufa ba.

* * *

Ranar Litinin da hantsi na tuna ban yi wa Hindatu barka ba, wadda katangarta ke jingine da ta Hajiya Baraka. Jaririn har ya fara zama, amma barka ba ta tsufa.

Tun daga bakin layi na ga abin mamaki. Masu garuwa biyu na shiga gidan Alhaji Maccido da ruwa. Gidan da ke da rijiya mai zaƙin da Hajiya ke gori da ita, wadda ko maƙwabta ba ta bari su ɗiba sai ta ga dama.

Na ɗauki jariri na yi masa wasa, na ce, "Ni kuwa rijiyar maƙwabtanku ƙafewa ta yi?"

Hindatu ta leƙa ƙofa, ta dawo ta matso har gwiwarmu na haɗuwa.

"Inna, ki rufa mini asiri."

"Ni? Kin taɓa jin magana ta fita bakina?"

Ta ce ranar Asabar da safe ta hau turmi za ta shanya barkono bisa katanga. Sai ta hango Hajiya tsaye bakin rijiya ta riƙe ƙugu, Muhyiddeen na riƙe da wani abu baƙi mai faɗi cikin ɗankwali. Hajiya ta ce ya buɗe ta gani. Ya buɗe. Ta ce ya fara dukanta da taɓarya. Ya ɗaga taɓarya ya kasa, ya ɗaga ya kasa. Ta ce, "Ragon banza, to sake ta." Ya sake ta ciki. Hajiya ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta tofa yawu ta ce, "Sai ki karanta a can."

"Da yamma kuma," in ji Hindatu, "wani ya gaya musu batirin abin guba na. Shi ne suka koma sayen ruwa."

Na yi dariya har jaririn ya tsorata. Sai da na kamo hanyar gida dariyar ta ƙare mini, don na tuna wa zan kai wa labarin.

Na same ta tana ninke kayan da za ta sa gobe. Ban yi kwana-kwana ba, na zayyane mata tas.

"Inna, ki ji tsoron Allah. Wanga karon gulmarki ta yi yawa."

"Kira shi. Ki tambaye shi mi ya sa gidansu ke sayen ruwa."

Ta kira shi. Ya zo bayan la'asar da fara'arsa. Wannan karon ban nemi tire ba, na ɗauki kujerata na dasa a cikin zauren. Ya dube ni, na dube shi.

"Muhyi," ta ce, "wane masallaci ka shiga a bakin iyaka?"

"Wanda ke... na kusa da masu canji."

"Mi ya samu rijiyarku?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, ya dubi makullin motarsa, babu wanda ya cece shi.

"Don ke na yi," ya ce a hankali.

Ta zauna daɓas a kan dakali.

"Don ni."

"Don mu. Ke kin ce ba ki iyawa, amana ta hana ki. To ni na ɗauke miki. Hannunki bai taɓa komai ba. Hajiya ta samu barci, kaya na zuwa gobe. Kwamfuta kuwa ko biyu kike so zan sayo miki, wadda ta fi waccan."

"Da hannu biyu na ba ka ita."

"Na sani."

"Na gaya maka aikina na ciki. Ka dube ni ka ce ban yarda da kai ba. Shekaranjiya ni ke ba ka haƙuri, Muhyi! Kana dafe kai ina lallashinka!"

"Shafa, ki rage murya."

"Matan da nake wa aikin nan ka san su? Baraka ɗiyar maƙwabtanmu, mai sunan uwarka, bara ta tafi da cikin wata takwas, jininta ya hau ba wanda ya lura. Ita nake gani in na zauna. Sati uku ban yi barcin kirki ba. Ka ɗauka ka jefa a ruwa."

"Sai ki sake wani. Ai kanki bai faɗa rijiya ba."

Ta ɗago ta dube shi. Hawaye na zuba, amma idon ya bushe, in kun gane abin da nake nufi.

"Ka san abin da ya fi ba ni tausayi? Babu sunan Hajiya a cikinta. Babu na kowa. Bayanan marasa lafiya ba su taɓa zama a kwamfutata ba, suna asibiti, suna kuma wata ma'ajiya mai nisa. Na gaya maka ya fi sau goma, kana latsa waya kana cewa uhm."

Bakinsa ya buɗe. Da na so da na ƙirga haƙoransa.

"Kina nufin... shina nan?"

"Shina nan yadda yake."

Kun san mi ya fara fitowa daga bakin ɗan nan? Ba "ki yafe mini" ba. Ba "na cuce ki" ba. Ya matso har yana neman durƙusawa, ya ce:

"Don girman Allah kada Hajiya ta ji. Ki bari a ɗaura tukuna."

Na ce, "Tir." Ban san ya fito fili ba.

Ta tashi ta shige gida. Yana ta kira, "Shafa, gobe fa! Kada ki ba ni kunya!"

* * *

Ba ta gaya wa Malam ba, ba ta gaya wa Umma ba, ni ma ta roƙe ni in yi shiru. Na yi, kuma Allah ya sani ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba. Da safe na tambaye ta mi ta yanke. Ta ce, "Inna, shekara uku. Ban san yadda ake cire shekara uku daga zuciya ba."

Na ga alama za ta haɗiye. Mata nawa suka haɗiye wanda ya fi wannan?

Da azahar motoci uku suka tsaya. Goro ƙwarya-ƙwarya, alawa, dabino, akwati biyu. Gwaggwanni da ƙannen uba suka shigo da guɗa. Sai ga Hajiya Baraka da kanta a tsakiyarsu, ta sha leshi da sarƙa har uku. A ina aka taɓa ganin uwar ango ta biyo kayan sa rana? Ko kunyar ɗan fari babu. Amma ita ta zo ne ta ga wadda ta kayar.

Ta zauna a kujerar Umma, ta baza haƙora.

"Ina ɗiyata? A kira mini ɗiyata in gan ta."

Aka ce yarinya ba ta fitowa ranar irin wannan. Ta ce ita dai sai ta gani. Aka shigo da Shafa'atu lulluɓe, ta durƙusa gabanta ta gaishe ta.

"Allah sarki, ɗiyata. Na ji an yi miki sata. Kayan duniya ke nan. Wataƙila ma alheri na, mace da aure mi za ta yi da wanga tarkace? Ki huta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na ga yatsunta sun damƙe bakin mayafi.

Sai wayar Hajiya ta yi ƙara cikin jaka. Ita kuwa irin matan nan ne da ba su kai waya kunne, sai su buɗe murya kowa ya ji da manyan mutane suke hulɗa. Ta danna, ta ɗaga ta sama.

Muryar Shafa'atu ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum. Wannan tunatarwa ce daga asibiti. Jibi Alhamis ranar dawowa ganin likita ce. A zo da sauran magani, kada a ci komai da safe. Allah ya ƙara sauƙi."

Ashe tun bara ta ɗauki muryar, don waɗanda ba su iya karanta saƙo ba. Abin da kansa yake kiran duk wanda ranarsa ta kusa.

Matan suka dubi waya, suka dubi yarinyar da ke durƙushe bakinta rufe, suka dubi Hajiya. Wata ƙanwar Alhaji ta ce, "Yaya, asibiti kike zuwa? Mi ke damunki?"

Hajiya ta miƙe, jaka ta faɗi.

"Ashe bai mutu ba? Da idona na ga ta nutse a rijiya! Da idona!"

"Mi ta nutse?" in ji Umma.

Na ga Ramatu mai kitso a bakin ƙofa tana gyara tsayuwa, na san kafin magariba an ji har Gidan Katta.

"Mayya!" Hajiya ta nuna ta da yatsa. "A gaban dangin mijina za ki tona ni? A kwashe kayan nan! Babu aure sai kin shafe shi a gabana!"

Shafa'atu ta yaye lulluɓin. Ba ta tashi daga durƙuson ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"A kwashe, Hajiya. Da ba ki faɗa ba, ni zan roƙa."

Umma ta ce, "Ke!"

"Ban san abin da ke damunki ba. Ban taɓa sani ba, ba kuma zan nema ba. Amma ki je ranar Alhamis. Kada fushina ya hana ki."

Karon farko da na ga Hajiya ta fita daga ɗaki ba ta bar magana a baya ba. Gwaggwanni suka bi ta da ƙoren goro a ka, wata na tambayar wata wace rijiya ake nufi, don wata cikinsu ta sha ruwan gidan ranar Asabar.

Muhyiddeen na waje jikin mota, ya sha babbar riga yana jiran albishir. Ya ga akwatuna na fitowa, ya ga uwarsa ta shige mota ta ja ƙofa. Ya nufo zaure da sauri.

"Shafa! Shafa, mi ya faru? Ki fito mu yi magana!"

Ta fito. Akwai wani abu a hannunta, baƙar igiya a naɗe. Ta kama hannunsa, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara uku, ta ɗora masa a tafi.

"Cajarta ce," ta ce. "Ka manta da ita. Ka san inda ka aje sauran."

Ta juya ta shiga gida. Ni na rufe ƙofar zauren, na sa sakata.